Bayan Ƙiba Ta Tafi

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ina koyar da aji uku a wata firamare a Jega, kuma duk cikin malamai, maza da mata, babu mai jikina. Kujerar ajina mai hannu ce, sai da hedimasta ya kira kafinta ya cire hannuwan kafin na iya zama a kanta. Ban ji kunya ba. A lokacin ƙiba ba abin kunya ba ce a wurinmu. In na shiga gidan suna, mata kan shafa damtsena su ce Malam ya iya riƙon mace, ni kuwa in yi dariya in jawo akushi. Turmin atamfa guda ba ya isata zani da riga da kallabi, kullum sai an ƙaro. Haihuwa huɗu na yi, kowace ta bar mini nata kason a jiki.

Mijina malamin gona ne. Ofishinsu yana Maiyama, daga can yake zagaya ƙauyuka yana duba gonaki. Kullum da safe yakan sauke ni a bakin makaranta a kan babur sannan ya wuce. Bai taɓa yi mini maganar nauyina ba, sai dai ya riƙa ƙara wa tayar baya iska.

A daminar shekara ta gaba na zame a kan dakalin aji, ina rungume da littattafan yara. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafinsa. Maza huɗu suka ɗaga ni suka sa a bayan a-kori-kura, aka nufi Aliero da ni wurin wani tsoho mai ɗori. Ya ja ƙafar, ya daidaita, ya ɗaure da karare da tsumma. Kwana arba'in na yi a gidan wata gwaggon mijina a can. Ƙashi ya haɗe, amma wurin da igiya ta goge mini fata a idon sawu ya zama gyambo, ya ƙi rufewa. Ranar da tsohon ya kwance ɗorin ya daɗe yana duban wurin.

"Ɗiyata, nawa aikin ya ƙare," ya ce. "Wanga ciwo ba na ƙashi ba na. Ki tahi asibiti. Kuma ƙahwar ga ba ta iya ɗaukar kayan da kinka aza mata."

A asibitin Jega aka gwada fitsarina da jinina, aka ce ciwon suga ne, ga kuma hawan jini. Wata nas, doguwa, mai ƙarancin magana, wadda kowa ke kira Sista, ta ɗora ni a kan sikeli. Kilo ɗari da sha tara. Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce in ban rage jiki ba gyambon ba zai warke ba, in kuma bai warke ba wata rana za a yanke ƙafar.

Tsoro ya yi mini aikin da ban taɓa zaton zan iya ba. Na bar shayi mai sukari da madara, na bar lemon kwalba, na bar masa, na bar fura, na bar tuwon shinkafa da man shanu, wanda shi ne abin da na fi so a duniya. Na koma kwaɗon zogale da rama da dafaffen wake da gasasshen kifin gulbi, da tuwon dawa malmala guda wadda ba ta wuce dunƙulen hannuna ba. Da ƙafar ta yi ƙwari na daina hawan babur, na riƙa takawa zuwa makaranta da dogara sanda, daga baya na jefar da sandar. Duk wata in na hau sikeli allura ta ja baya, Sista ta rubuta a katina ta ce madalla. Wata goma sha huɗu aka yi a haka. Gyambo ya rufe, ya bar tabo baƙi. Na tsaya a kilo saba'in da takwas. Na yi sujada ban nemi bango na dafa ba wajen tashi, abin da na shekara goma ban yi ba.

Na ɗauka na gama. Abin da ban sani ba shi ne, ragewar ita ce mai sauƙi.

Da gyambon ya rufe, tsoron ya tafi da shi. Yunwar ce ba ta tafi ba. Da ita nake tashi, da ita nake shiga aji. Hanyata ta makaranta tana bi ta gaban wata mai toya masa, na canza hanya, sabuwar kuma ta bi ta gaban mai ƙosai. Ni ce mai dafa wa gida abinci. In tuƙa wa yara tuwon shinkafa, in zuba man shanu yana narkewa a kan miya, in miƙa musu, in koma gefe da kwanon zogalena. Da, in na sha wannan wahala, ƙarshen wata allura ta biya ni. Yanzu allura tana tsaye wuri ɗaya, kuma tsayuwar ita ce nasarar. Ba wanda ke cewa madalla don ka tsaya inda kake. Sista ma sai ta rubuta ta miƙo mini kati ta kira ta gaba.

Ana cikin haka rediyo ya fara yawan maganar wata sabuwar cuta, ƙanjamau, wadda ke tsotse mutum har ya zama ƙashi da fata. Ban kawo komai a raina ba sai ranar wani suna a unguwarmu. Na ɗebi ruwa a randa na sha, na ajiye moɗa. Matar gidan, wadda muka yi shekaru muna cin abinci kwano ɗaya da ita, ta sa bakin zaninta ta ɗauki moɗar ta kai bayan ɗaki, ta ɗauko wata ta ɗora a kan randar. Ba ta dube ni ba. Sauran matan duk sun gani, kowa ta sunkuyar da kai. Ban tsaya cin tuwon suna ba, kuma na san cewa za su yi ciwon ne ya hana ni ci.

Fatar damtsena ta saki tana lilo, wuyana ya yi tsawo, kumatuna sun faɗa. Ni kaina in na dubi madubi nakan ga kamar wata ce da ta tashi daga doguwar jinya. Cikin wata biyu iyaye uku suka sa aka mayar da 'ya'yansu ɗaya ajin. A ofishin malamai aka ware mini kofi, ba wanda ya ce an ware, amma kullum shi kaɗai nake tararwa a kan taga.

Wata rana bayan la'asar Malam ya dawo daga Maiyama, ya jingine babur, ya zauna a kan tabarma bai cire takalmi ba. Na kawo masa abinci, bai buɗe ba.

"Malama, yau wani dattijo ya tare ni bakin tasha," ya ce. "Ya ce in ji tsoron Allah in hwaɗi abin da na kwaso miki cikin yawon ƙauyuka."

"Me ka ce masa?"

"Mi za ni ce? Na ce suga na. Ya yi murmushi." Ya murza hularsa. "Manoma sun hwara ƙin ba ni hannu. Ba ni son ki koma yadda kike da. Amma ko kaɗan ne, ki ɗan ƙara, kumatu su ciko. Ko don yaran ga."

Na ce masa mu je a gwada mu. Muka tafi Sakkwato mu biyu aka ɗebi jininmu, bayan mako biyu ya koma ya karɓo takarda. Ba mu da komai. Na kai wa hedimasta ya karanta, ya ce shi dama bai taɓa zargina ba. Kofin dai bai bar kan taga ba. Takardar da Turanci aka rubuta ta, kuma ko da Hausa ce, ba zan bi gida-gida ina nuna wa mutane ba. Na ninke ta na sa a ƙasan akwati.

Maganar ta kai Mungadi, garinmu, inda Inna take zaune da ƙanena tun rasuwar mahaifinmu ina 'yar shekara shida. Inna ta ga ramata tun ina jinya, ta ɗauka in ƙafa ta warke jiki zai dawo. Da ta ji abin da ake faɗa sai ta aiko cewa in an yi dogon hutu in zo da yara, kuma ba roƙo take ba.

Muka isa da hantsi, ana tsakiyar damina. Tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube ni, ta ajiye rariya, ta zo ta kama hannuna ta ɗaga, fatar ta yi lilo. Sai ta fara hawaye, ba ta ko amsa gaisuwar jikokinta ba.

"Mi ya same ki? Hwaɗa min gaskiya, ni na haihe ki. Mijin naki shina hana miki abinci?"

"Inna, ba ya hana ni komai. Likita ne ya ce in rage."

"Likita ya ce ki zama awa kara? Ni ban taɓa jin inda ci ya kashe mutum ba. Rashin ci dai na sani."

Na yi mata bayanin suga iya yadda zan iya. Ta saurara har na gama, sannan ta aika aka kira mata Bafillatana mai nono. Lokacin shanu sun ƙoshi, nono ya yi kauri, man shanu sabo yana ƙamshi tun daga ƙofar gida. Ta dama fura da hannunta a ƙwaryar da nake sha tun ina yarinya, ta ajiye a gabana da ludayi. Na ce na gode, na tura wa yara. Washegari ma haka. A rana ta uku ta juya nata kwanon ta kife.

"In ba ki sha, ni ma ba ni ci," ta ce.

Na ɗauka wasa take. Azahar ta wuce ba ta ci ba, la'asar ta wuce ba ta ci ba. Tsohuwa ce mai shekara kusan saba'in, na ga sai da ta dafa bango ta iya tashi daga wurin alwala. Ƙanena ya same ni a zaure ya ce, "Yaya, ƙwarya guda ba ta kashe ki. Ki dubi halin da take ciki."

Na sha. Amma kada in ɗora wa Inna laifin duka, don ba gaskiya ba ne. Kwana ukun nan da na yi ina tura ƙwarya, idona yana kanta. Da ludayin farko ya wuce maƙogwarona sai na ji kamar an kwance mini wani ɗauri da na shekara biyu da shi. Na shanye, na suɗe ludayin. Inna ta yi dariya ta jawo kwanonta. Da yamma ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, ta zuba man shanu har yana kwance a kai, na ci malmala uku. Na ce wa kaina hutu ne kawai, in na koma Jega zan gyara.

Mako shida na yi a Mungadi. Ranar da za mu tafi rigar da na zo da ita ta ƙi shiga, sai da aka farke gefe. Inna ta rako mu har bakin hanya tana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa ɗiyarta ta samu lafiya.

A Jega ma haka aka karɓe ni. Mai masa ta ce, "Malama, barka da arziki, kin dawo hayyacinki." Matar da ta ɓoye moɗa ta aiko mini da dambu. Kofin kan taga ya koma cikin 'yan'uwansa. Malam kuwa na ga ya daina sunkuyar da kai in muna tafe tare. Wannan ne ya fi komai karya ni. Duk abin da na rasa ya dawo, kuma ga abinci. Na ce zan fara gyarawa ranar Asabar, Asabar ta zo na ce farkon wata. Na koma hawan babur, wai don ƙafata tana ciwo.

Ranar awo ta zo ban je asibiti ba. Wata na biyu ma ban je ba. Wata ranar kasuwa na hango Sista tana zaɓen tumatir, na laɓe a bayan buhunan albasa, ni da nake uwar 'ya'ya huɗu, har sai da ta wuce. Mai albasar ya tambaye ni ko lafiya, na ce jiri ne.

Wata bakwai na yi a haka. Ƙishirwa ce ta fara dawowa, in sha moɗa uku bakina bai jiƙe ba. Kafin a tashi tara sai na fita aji zuwa fitsari sau uku. Rannan na buɗe rajista zan kira suna, sai na ga layukan sun haɗe, na kira yaran da ka, don na haddace su. Yatsun ƙafata suka zama kamar na sa safa mai kauri. Na san abin da duk wannan yake nufi. Ina sane nake ci. Wani lokaci ina ci ina jin haushin kaina, haushin kuma ya sa in ƙara. Na fara ɓoye ƙosai a cikin jakar makaranta, in ci a bayan aji kamar ɓarauniya, alhali ba wanda ya hana ni.

Malam ne ya ga abin. Ina alwalar azahar ranar wata Asabar, ya tsaya a kaina ya ce in ɗaga ƙafar hagu. Ƙaya ce ta shige ƙarƙashin ƙaramin yatsa, ta karye a ciki, ban san ranar da ta shiga ba. Wurin ya kumbura, yatsan ya fara baƙi, kuma ban ji komai ba. Ya tsuguna yana riƙe da ƙafar.

"Ni na ce ki ƙara," ya ce.

Ranar Litinin na je asibiti. Na yi shirin Sista za ta yi mini faɗa, har na tanadi amsa. Ba ta yi ba. Ta duba yatsan, ta kira likita, ya ce in dawo jibi da shirin kwana, yatsan ba zai tsira ba. Sannan ta nuna mini sikeli. Na cire takalmi, na cire mayafi, har 'yan kunne na so in cire. Kilo ɗari da biyu.

"Sista, na gaji," na ce mata. "In na rame a ce ina da cuta, in na yi ƙiba a yanke ni. Wata goma sha huɗu na yi ina wahala, wata bakwai suka cinye. Ki gaya mini, yaushe ake gamawa?"

Ta rufe katin ta dube ni. "Ba a gamawa, Malama. Da na gaya miki tun farko. Na ga kina murna, na ƙyale ki."

"To ni ba zan iya ba."

"Yau kaɗai za ki iya. Gobe in ta zo ki sake." Ta miƙo mini katin. "Kuma ko kin ƙaru ki zo. Wadda ta ƙaru ta zo, ina da abin yi mata. Wadda ta ɓuya bayan albasa, ba ni da shi."

Ashe ta gan ni.

Abin da na yi bayan na fito, ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. A bakin ƙofar asibitin akwai mai masa. Na saya, ta zuba mini a takarda har da sukari a kai. Na zagaya bayan katanga, ƙarƙashin wani dogonyaro, na zauna a ƙasa da bandeji a ƙafata na cinye su duka, ina ci ina kuka, majina da hawaye suna sauka a kan takardar. An gaya mini za a yanke mini yatsa jibi, ko awa guda ba a yi ba. Da na gama na zauna ina duban hannuna mai maiƙo. A ranar na yarda cewa ba ni da wani ƙarfin zuciya, wancan karon ma tsoro ne ya riƙe ni. Na roƙi Allah, ban ma san me zan roƙa ba, na dai ce Ya Allah ka ga halina.

Aka yanke yatsan. Kwana tara na yi a asibiti, aka sallame ni da sharaɗin kada in taka ƙafar. Inna ta zo daga Mungadi don ta yi jinyata, da gorar man shanu da ƙullin fura a cikin kayanta. Ba ni da ƙarfin gardama. Na ce ta ajiye.

Da yake ba na iya zuwa makewayi, a ɗaki nake fitsari a wani tsohon kwano, Inna ta fitar. Rana ta biyu da hantsi ta fitar da shi ta ajiye a gindin bango, maƙwabciya ta yi sallama, suka tsaya gaisawa. Da ta koma ɗauka sai na ji shiru ya yi yawa. Can ta shigo ɗakin ba kwanon a hannunta, ta zauna a bakin gado.

"Kiyashi sun cika shi," ta ce. "Sun yi layi tun daga bango."

"Sugan ke nan, Inna. Shi suke bi."

Ta girgiza kai. "Haka nig gani ga ubanki."

Ban taɓa jin wannan ba. Abin da aka gaya mana shi ne ciwon ƙafa ya kashe shi.

"Mutum na mai jiki, awa ke," ta ce. "Shina shan ruwa awa raƙumi. Duk inda ya tsuguna bayan gida, kiyashi su taru. Munka ce sammu na. Da ƙahwa tai gyambo, anka yi ta turare da rubutu. Shi kuma shina ramewa, ni ko ina dama mai hura da zuma, safe da marece, don shi samu ƙarhi." Ta dubi tafin hannunta. "Da hannuna nib ba shi."

Na ce mata ba ta sani ba, a lokacin ba wanda ya sani. Ta tashi ta fita, na ji tana wanke kwanon. Da azahar ta ɗauki gorar man shanun ta kai wa maƙwabciya.

Wata uku Inna ta yi a gidanmu. Ta samo wani ɗan ƙoƙo, da shi take auna mini tuwo, kuma abin da na ci shi take ci, ta ce ba za ta ci mai daɗi ina kallo ba. Ta karɓi girkin yara don kada in tsaya a kan tukunya. In sun ci sun rage, ba ta barin saura ya kwana a gabana, take za ta fitar. Ba ta daina cewa fuskata ta tsufa ba, kusan kullum sai ta faɗa, tana faɗa tana auna ƙoƙon. Lokacin da na fara ramewa har aka soma ƙus-ƙus a unguwa, ta yafa mayafi ta shiga gidan matar nan mai moɗa. Ban san abin da ta gaya mata ba. Ta dai dawo ta ce ta sha ruwa a gidan, kuma ta gaya musu kwano ɗaya take ci da ni.

Karo na biyu ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba. Shekara biyu ya ɗauke ni, kuma ban sake ganin saba'in da takwas ba. Na tsaya a tamanin da 'yan kai, wani wata in hau, wani wata in sauka. Malam ya daina sayo sukari gida gaba ɗaya, yara suka yi ta ƙorafi har suka saba. Da safe ya daina tsayawa jirana da babur, ni na roƙe shi, don na san in ya tsaya zan hau. Ina tafiya da ɗingishi kaɗan saboda yatsan, takalmin roba mai rufi a ƙafata ko da zafi. Kowace Sallah sai na faɗi. In ci masa, in ci nama mai kitse, in kwana biyu ina jin haushin kaina. Bambancin kawai shi ne ranar awo ina zuwa. Sau da yawa na tsaya a ƙofar asibiti ina son juyawa, in tuna ba ni da inda zan ɓuya a garin nan, in shiga.

Maganar ƙanjamau ba wanda ya zo ya ba ni haƙuri a kanta. Ta mutu ne don ni ban mutu ba. Shekara ta wuce, wata ta wuce, ina nan ina koyar da aji uku, sai mutane suka gaji suka kama wata maganar.

Yunwar kuwa tana nan. Mutane kan tambaye ni ko na saba, in ce musu a'a. Har yau in na ji ƙamshin man shanu a kan tuwo mai zafi sai na tashi daga wurin.

Inna ta rasu shekara shida bayan yanke yatsan, a Mungadi, bayan gajeriyar jinya. Na je na zauna da ita kwanakinta na ƙarshe. Ba ta cika gane mutane ba a lokacin. Ranar da za ta cika, da safe, ina shafa mata ruwa a goshi, ta buɗe ido ta kama damtsena ta matsa, kamar mai duba ko gero ya yi ƙwari.

"Kin ci abinci?" ta ce.

"Na ci, Inna."

"Kaɗan?"

"Kaɗan."

"To," ta ce, ta rufe ido.